Dhumavati, Tsohuwar da ke Riƙe da Faifai

A cikin kayan da ƙanena ya dawo da su Daura bayan ya kammala karatun haɗa magunguna a Indiya, akwai wani littafi na tsofaffin zane-zane da ya ce ya saya a bakin titi don launukansa sun burge shi. Wata rana bayan la'asar na ɗauko shi ina buɗawa, ina wuce hotunan sarakuna a kan giwaye da na mata masu ado da zinariya irin waɗanda muka saba gani a finafinan Indiya, sai na faɗa kan wani shafi da ya tsayar da ni. Wata tsohuwa ce ramammiya, sanye da farin zane da ya yi dauɗa, gashinta a barbaje, babu ɗankunne babu awarwaro, tana zaune a kan keken doki wanda ba a ɗaura masa doki ko ɗaya ba, ga hankaka a kan tutar keken. A hannunta kuwa faifai ne. Nasu ba mai zagaye ba ne kamar namu na kaba, da gora ake saƙa shi kuma bakinsa ɗaya a buɗe yake, amma duk macen da ta taɓa yin surfe za ta gane aikinsa da kallo ɗaya. A ƙarƙashin zanen an rubuta sunanta, Dhumavati, wanda a bakin mutanen can ya fi kusa da Dumawati.

Ni Musulma ce, kuma babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, wannan ba abin da zan tsaya jayayya a kansa ba ne. Abin da ya hana ni rufe littafin tambaya ce guda ɗaya. Mun san 'yan Hindu suna ƙawata ababen bautarsu da furanni da zinariya da kyakkyawar fuska, to me ya kai su ga zana matar da mijinta ya mutu, tsohuwa, mayunwaciya, mai giɓi a baki, sannan su sanya ta a sahun manyan ababen da suke girmamawa? Na shafe watanni ina karanta abin da na samu a kanta, kuma abin da na fahimta ya dawo da ni cikin gidanmu fiye da yadda ya kai ni Indiya.

Sunan nata daga kalmar dhuma ya fito, wadda a harshen Sanskirit take nufin hayaƙi, wato dai ita ce mai hayaƙi. Tana cikin wani rukuni na ababen bauta mata guda goma da ake kira Mahavidya, ma'ana manyan ilimomi ko manyan hikimomi. Ana jera su da Kali a farko, sai Tara, Tripura Sundari, Bhuvaneshvari, Bhairavi, Chhinnamasta, sannan Dhumavati a matsayi na bakwai, sai Bagalamukhi da Matangi da Kamala. Mabiya Tantara, tafarkin da ake bauta musu a cikinsa, suna cewa duk goman fuskoki ne na ƙarfi guda ɗaya na mace da suke kira Shakti, wanda a aƙidarsu shi ke motsa duniya. Abin lura shi ne ta ƙarshen, Kamala, ita ce siffar Lakshmi, wadda 'yan kasuwar Indiya ke liƙa hotonta a shagunansu don neman arziki. Ke nan a jeri guda an haɗa mai kawo wadata da wadda ake ganin alamar tsiya ce, kuma ba a ce ɗaya ta fi ɗaya zama gaskiya ba.

Ba za a gane dalilin hakan ba sai an san mene ne Tantara, domin kalmar ta sha ɓatanci a hannun Turawa da suka mayar da ita zancen jima'i kawai. Tantara tarin littattafai ne da hanyoyin ibada da suka bunƙasa a Indiya tun fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma suka yi ƙarfi musamman a gabashin ƙasar, wajen Bangal da Assam. Addinin Hindu na yau da kullum ya ginu ƙwarai a kan raba mai tsarki da marar tsarki, da raba abin da ke kawo sa'a da abin da ke kawo akasinta, har ta kai akwai mutanen da ba a cin abinci da su da ranakun da ba a ɗaura aure a cikinsu. Masu Tantara, musamman reshen da ake kira na hannun hagu, sun ce idan har ƙarfi ɗaya ne ya cika komai, to yana nan a cikin abin ƙyama kamar yadda yake a cikin abin sha'awa, kuma mai neman sani ba zai kai ga gaci ba matuƙar yana kawar da kai daga rabin duniya. Shi ya sa suke zuwa filin ƙona gawawwaki da dare su yi ibada, shi ya sa kuma da yawa daga cikin goman nan siffofinsu masu ban tsoro ne. A kan tudun Nilachal da ke birnin Guwahati a jihar Assam, inda shahararren ɗakin bautar Kamakhya yake, kowace daga cikin goman tana da wurinta, har da wannan tsohuwa.

Labarin asalinsu duka yana komawa ga Sati, matar Shiva ta farko, shi kuwa Shiva yana cikin manyan ababen bautar 'yan Hindu. Mahaifinta Daksha, wanda bai taɓa son surukin nasa ba domin yana ganinsa a matsayin mai yawo a maƙabarta shafe da toka, ya shirya gagarumin bikin hadaya ta wuta, ya gayyaci kowa ya bar 'yarsa da mijinta. Sati ta ce za ta je ko ba gayyata, Shiva ya hana ta, sai ta fusata ta rikiɗe ta zama siffofi goma da suka tare shi ta kowace kusurwa har ya rasa hanyar gudu ya ƙyale ta. Da ta isa gidan mahaifinta ta ji irin cin mutuncin da ake yi wa mijinta, sai ta hallaka kanta a cikin wuta. Wata ruwaya ta ce daga baƙin hayaƙin da ya tashi daga jikinta ne Dhumavati ta fito, wato ita ce abin da ya rage bayan kyau da ƙuruciya da gata sun ƙone, fuska mai baƙin ciki wadda aka wulaƙanta a gidan ubanta.

Ruwaya ta biyu, wadda ke cikin littafin Pranatoshini Tantra, ita ce ta fi tsaya mini a rai. An ce wata rana yunwa mai tsanani ta kama Sati, ta roƙi Shiva ya ba ta abin da za ta ci, ya yi mata shiru. Ta sake roƙo, ya sake ƙyale ta. Da yunwar ta kai mata iyaka sai ta haɗiye shi ɗungurungum. Daga cikin cikinta ya nemi ta fito da shi, da ta amayar da shi sai ya juya mata baya, ya la'ance ta da cewa tunda ta cinye mijinta, to ta zauna a siffar matar da mijinta ya mutu. Na karanta wannan labari sau da yawa, kuma kowane karo sai in ga cewa laifin bai fara daga haɗiyewar ba. Mace ce ta nemi abinci a wurin wanda alhakin ciyar da ita ke kansa, aka hana ta, sannan da abin ya ɓaci aka ɗora mata hukuncin ita kaɗai. A sassa da dama na Indiya, zagin da ake yi wa matar da mijinta ya mutu da wuri shi ne a ce ta cinye mijinta. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, kuma zan dawo kanta.

Littattafan Tantara ba su sassauta ba wajen siffanta ta. Sun ce doguwa ce, jikinta na rawa, fuskarta a yamutse, hancinta dogo, haƙoranta sun zube, nonuwanta sun kwanta, idanunta babu taushi, kullum tana cikin yunwa da ƙishirwa, kuma tana son haddasa husuma. An danganta ta da kufai da gidajen da suka rushe, da sahara, da mabarata da kutare da marasa lafiya. An kuma haɗa ta da watanni huɗu na damina da suke kira Chaturmas, lokacin da suke cewa Vishnu, wani babban abin bautarsu, yana barci, waɗanda a cikinsu ba a ɗaura aure. Sauran 'yan uwanta kusan kowace tana da nata Shiva a gefe, ita kuwa ita kaɗai ce.

Masu sharhi daga cikin mabiyanta suna karanta kowane abu da ke jikin zanen a matsayin darasi. Hayaƙi, a wurinsu, shi ne abin da ke saura idan wuta ta gama cin abin da za ta ci, don haka tana wakiltar yanayin da ke biyo bayan rushewar duniya kafin a sake wata halittar, domin a aƙidarsu duniya tana ƙarewa tana sake farawa ba iyaka. Hayaƙi yana kuma rufe ido, ya ɓoye abin da ke gabanka, sai dai su suna cewa idan ya rufe abin da ka saba kallo yakan tilasta maka duban abin da ba ka taɓa lura da shi ba. Mu ma muna cewa hayaƙi fid da na kogo, kuma duk wanda wahala ta taɓa turnuƙe shi ya san irin abubuwan da take fitarwa daga zuciyarsa da zukatan waɗanda ke kewaye da shi. Keken da ba doki kuwa tafiya ce da ta tsaya, rayuwar da al'umma ta yanke cewa ba ta da sauran inda za ta. Hankaka tsuntsu ne mai cin mushe, amma a wurin 'yan Hindu yana da wata alaƙa da matattu, domin a lokacin da suke tunawa da kakanninsu sukan ajiye dunƙulen shinkafa, idan hankaka ya ci sai su ɗauka cewa sadakar ta isa. Namu hankakan mai farin ƙirji mun san shi da wani hali daban, mai da ɗan wani naka, kuma ban iya hana kaina tunanin cewa wannan kirari ya dace da tsofaffin matan da ba su haifa ba amma suka goya 'ya'yan dangi har suka girma.

Faifan ne dai ya fi komai, kuma a nan ne nake ganin macen Bahaushiya za ta riga malamin jami'a fahimta. Wadda ta iya bakace ta san cewa aikin ba na ƙarfi ba ne. Bayan an surfa gero, tsaba da dusa suna cakuɗe, launinsu kusan ɗaya, kuma babu mai iya zama ya tsince su da yatsa. Sai a zuba a faifai, a riƙa kaɗawa ana cillawa sama kaɗan ana tarewa, mai nauyi ya dawo wajen ƙirjinki, marar nauyi ya taru a baki ya zube. Ba ke ce kike zaɓa ba, girgizar ce take sa kowane abu ya nuna nauyinsa. Malaman Hindu suna da kalma, viveka, wadda take nufin iya rarrabe abin da ke dawwama da abin da ke gushewa, kuma sun ce faifan Dhumavati ita yake nunawa. Ma'anar ita ce mutumin da bai taɓa rasa komai ba bai san mene ne tsaba a rayuwarsa ba, bai san cikin abokansa da dukiyarsa da sunansa wanne ne zai dawo wajen ƙirjinsa idan aka girgiza shi ba. Matar da ta rasa miji da ado da matsayi ta riga ta sha wannan girgiza, don haka ita ce malamar. Wannan ne ya sa aka ce bautarta ta fi dacewa da gwauraye da matan da mazansu suka mutu da masu gudun duniya, kuma ana gargaɗin masu aure su nisance ta, domin an ce tana sanya wa mutum son kaɗaici da ƙin abin duniya.

Akwai kuma wani abu game da faifai a al'adar arewacin Indiya da Bangal da ya ƙara wa zanen nauyi. A lokacin bikin fitilu na Diwali, mata sukan tashi da asuba su riƙa dukan tsohon faifai suna zagaya gida don korar talauci da kuma Alakshmi, yayar Lakshmi, wadda take wakiltar rashin sa'a, kuma wadda masana ke ganin siffarta ta yi kama da ta Dhumavati ƙwarai. Ashe abin da ake kaɗawa don a kore ta daga gida, shi ne aka zana a hannunta.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ya fi muni ba. Littattafan sun ambaci cewa ana neman taimakonta wajen cutar da abokan gaba, musamman a wani aiki da suke kira uchchatana, wato tumɓuke mutum daga gidansa da garinsa ya shiga duniya, abin da mu za mu kira kurciya. Ana yin irin wannan ne da dare a wurin ƙona gawa. Wannan sihiri ne, kuma sihiri zalunci ne a kowane harshe aka yi shi. Amma waƙar yabonta mai sunaye dubu ta ƙunshi har da sunaye masu taushi, ana kiranta mai tausayi, mai biyan buƙata, mai kuɓutarwa daga wahala, kuma a yawancin zane-zanen hannunta na biyu a buɗe yake da alamar bayarwa.

Ɗakunan bautarta ba su da yawa. Akwai ɗaya a Banaras, birnin da ke bakin kogin Ganga inda 'yan Hindu ke burin mutuwa, kuma wani malamin jami'a daga Kanada, David Kinsley, wanda ya wallafa bincikensa kan waɗannan goma a 1997, ya ziyarce shi. A can gunkin baƙin dutse ne mai hannu huɗu, riƙe da faifai da tsintsiya da tukunya, hannu na huɗun kuma yana nuna alamar kada a ji tsoro. Ban da furanni da 'ya'yan itace, ana kai mata giya da taba da wiwi da nama. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, duk da gargaɗin da ke cikin littattafai, mutanen unguwar sun mayar da ita uwar unguwa mai tsare su, har ma'aurata suna zuwa neman haihuwa a wurin wadda aka ce ba ta da miji ba ta da ɗa. A garin Datia na jihar Madhya Pradesh kuwa, a harabar Pitambara Peeth, an riƙe gargaɗin da ƙarfi, ba a barin matan aure su shiga ganinta, ranar Asabar ce ranar ziyara, kuma abin da ake kai mata soye-soye ne masu gishiri maimakon kayan zaƙin da ake kai wa sauran. Ranar bikinta tana faɗowa a kwana na takwas na hasken watan Jyeshtha, tsakanin Mayu da Yuni, lokacin da zafi ya fi tsanani a arewacin Indiya.

Tambayar da ta dame ni bayan duk wannan ita ce ko ɗaukaka siffar ya amfani masu siffar. Duk mai kallon finafinan Indiya ya san wurin da ake fasa wa mace awarwaron hannunta, a goge jan garin da ke tsagar gashinta, a sa mata farin sari. Wannan ba ƙirƙirar fim ba ce. A tsohuwar al'adar manyan dangogi na Hindu, matar da mijinta ya mutu ba ta sake aure, a wasu wuraren ana aske mata kai, ana hana ta nama da albasa da tafarnuwa, kuma ba a son ganinta a wurin biki domin ana ɗaukar inuwarta a matsayin mugun abu. A da har akwai al'adar ƙona ta tare da gawar mijin, wadda aka laƙaba wa sunan sati, ko da yake ita Sati ta cikin labarin mijinta yana raye ta mutu. Sai a 1829 gwamnatin Ingila a Indiya, ƙarƙashin William Bentinck, ta haramta wannan ƙonawa bayan gwagwarmayar Ram Mohan Roy, sannan a 1856 aka yi dokar da ta halatta musu sake aure saboda ƙoƙarin Ishwar Chandra Vidyasagar, dukansu biyu 'yan Bangal, yankin da Tantara ta fi ƙarfi. Duk da haka a 1987 an ƙona wata yarinya 'yar shekara 18 a ƙauyen Deorala na jihar Rajasthan, abin da ya sa aka sake yin wata doka mai tsanani. Har yau dubban irin waɗannan mata suna zaune a garin Vrindavan, da yawansu 'ya'yansu ne suka rabu da su, suna rera waƙoƙin bauta na sa'o'i don a ba su ɗan kuɗi da awon shinkafa. A ganina amsar a fili take: an ba gunkin girma, an bar matar da yunwarta.

Da na kai nan a karatuna na ji wani irin sanyi a zuciya, na ce alhamdu lillahi da ni'imar Musulunci, kuma har yanzu ina faɗa. Alƙur'ani ya iyakance takaba ga wata huɗu da kwana goma a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, bayan a zamanin jahiliyya mace takan shekara guda a wani ɗan ɗaki cikin mafi munin tufafinta. Ya ba ta rubu'in dukiyar mijinta idan bai bar ɗa ba, da sumuni idan ya bari. Ya hana a gāje ta kamar kaya. Idan ta fita takaba ta yi kitso ta yi lalle ta auri wanda take so. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fara aure ne da Nana Khadija wadda ta riga ta yi aure sau biyu kafin shi, kuma Sauda da Hafsa da Ummu Salama duk mazajensu sun rasu kafin ya aure su. Ya ce mai ɗawainiya da matar da mijinta ya mutu da miskini kamar mai jihadi ne a tafarkin Allah, ya kuma kore camfi da bakinsa mai albarka.

Sai dai sanyin bai daɗe ba, domin na tuna Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, kuma a ɗakinta na yi rabin ƙuruciyata a nan Daura. Mijinta na farko ya rasu a haɗarin mota shekara biyu da aurensu, na biyun kuma ciwon hanta ya ɗauke shi bayan ya daɗe yana jinya a hannunta. Daga nan aka fara raɗe-raɗin cewa tana da farar ƙafa. Babu wanda ya taɓa faɗa mata a fuska, amma wani dattijo da ya fito neman aurenta ya janye ba tare da dalili ba, kuma na ji da kunnena wata mata tana cewa kada a bari ita ce za ta fara taka ɗakin amarya a ranar jere. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, ban san ma'anar maganar ba, na je na tambaye ta. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, je ki ɗauko mini faifai," ba ta ƙara komai ba. Ba ta sake aure ba, ba ta haihu ba, ta goya mu mu biyar, kuma da kuɗin surfe da dakau ta saya mini kayan makarantar sakandare na farko.

Ba mu da gunki mai farin zane, ba mu ƙona kowa, amma mace ta cinye mijinta da mace tana da farar ƙafa magana ɗaya ce, kuma mu ba mu da uzurin da za mu ce addininmu ne ya koya mana. A garin da tarihinsa ya fara da sarautar mata, inda har yau muke kai baƙi rijiyar Kusugu muna ba su labarin Daurama, an iya mayar da mace abin gudu don kawai ajali ya riski mazajenta. Maganar kuma ba ta zamanin Gwaggo kaɗai ba ce. Hare-haren 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara da Faskari sun bar mata masu yawa da marayu a hannu, wasunsu ba su kai shekara ashirin da biyar ba, kuma duk wanda ke zirga-zirga a cikin birnin Katsina yana ganinsu a bakin masallatai da kangwaye. Sumunin da Allah Ya ba su, a inda ma akwai abin rabawa, sau da yawa yakan maƙale a hannun dangin miji da sunan ana juya wa yara.

Abin da na ɗauka daga wannan zane, ba tare da na karɓi ko ƙwayar zarra ta aƙidar da ke bayansa ba, shi ne cewa waɗanda suka zana shi sun yarda su kalli fuskar da kowa ke kawar da kai daga gare ta, kuma sun yi zaton cewa akwai ilimi a wurin wadda ta rasa komai. A wannan zato na biyun ban ga kuskure ba. Duk abin da na sani game da haƙuri wanda ba na baki ba, da gane mutumin kirki tun kafin ya buɗe baki, a ɗakin Gwaggo na koya, kuma ban yi tsammanin za ta san su haka ba da rayuwa ta bar ta cikin gata.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai mata littafin. Yanzu ta haura saba'in, idonta ya yi rauni amma hannunta bai manta aiki ba, na same ta a tsakar gida tana gyaran wake. Na ce, "Gwaggo, ga wata da mutanen Indiya suke bauta wa, mijinta ya rabu da ita, an ce kullum cikin yunwa take." Ta ce a'uzu billahi, ta ture littafin, can kuma ta ce in matso da shi kusa da haske. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni ko tana da 'ya'ya, na ce babu. Ta tambaye ni wa ke kai mata abinci, na ce masu ziyara suna kai mata soye-soye ranar Asabar. Sai ta sa yatsa a kan faifan ta ce wanda ya yi zanen nan bai taɓa bakace ba, domin da hannu ɗaya aka ba ta shi, kuma faifai sai da hannu biyu. Na nuna mata ɗaya hannun, na ce an ce da shi take bayarwa. Ta ce to, ta miƙo mini littafin, ta ce in zo in taya ta tsince tsakuwar waken nan kafin a kira magariba.